Yadda Na Ci Amanar Baba Sale da Rajistar Kurkuku

Ba zan faɗi sunana ba. Ba wai yana ɓoyuwa ba ne, domin duk mai waya a hannu zai iya tono shi cikin minti biyu, kamar yadda za ku gani nan gaba. Mahaifiyata ce ke raye a Zariya, ba na so maƙwabta su riƙa nuna ta da baki. Da ku nake, matasan da ke zuwa ƙasar nan ta Amurka da waɗanda aka haifa a cikinta, domin abin da ya kai ni kurkuku bai yi kama da laifi ba ranar da na fara shi.

Ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne. Na yi difloma a kan kwamfuta, na shekara huɗu ina gyaran waya a bakin kasuwa, sai cacar bizar Amurka ta faɗo kaina. Na sauka da jaka ɗaya da lambar waya ɗaya, ta wani dattijo da ake kira Baba Sale, abokin kawuna tun suna yara. Direban tasi ne a wani gari da ake kira Laurel. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, Nura da ƙanwarsa Hadiza, dukansu haihuwar nan. Ya ba ni ɗakin ƙasa na wata takwas bai karɓi ko kwabo ba, ya koya mini tuƙi, ya samo mini aikin lodi a wani babban sito. Duk inda ya shiga da ni sai ya ce, "Ɗana ne." Mutum ne mai fulas ɗin shayi a gefen sitiyari da tsohuwar waya mai madannai. Idan ya ga muna shafa tamu sai ya ce, "Ku dai shafa, wata rana za ku shafo abin da ya fi ƙarfinku."

Shekara shida na yi ina cin halas, har na sami takardar zama ɗan ƙasa. A masallaci an san ni da abu ɗaya: duk wanda wayarsa ta rikice, ko aka aiko masa da takardar da bai gane ba, ni yake nema.

Wata Juma'a bayan an idar, wata Hajiya mai aikin jinya a garin Largo ta tsayar da ni a wurin ajiye motoci. Sai da ta duba hagu ta duba dama, sannan ta ce 'yan sanda sun kama ɗanta kwana biyu ke nan, ba ta san inda suka kai shi ba. A ƙasar nan hukuma na wallafa sunayen waɗanda ke tsare a shafin intanet, da gidan da aka ajiye su, wani lokaci har da laifin da ake tuhumarsu da ranar zuwa kotu. Kyauta ne, kowa na iya dubawa. Na rubuta sunan yaron, kafin ta gama share hawaye na nuna mata inda yake. Ta zaro ambulan ta miƙo mini. Na ƙi sau biyu kamar yadda aka koya mana, a na uku na karɓa. Ta ce, "Ashe kana da mutum a ciki. Don Allah ka rufa mini asiri." Ya kamata in ce mata, "Hajiya, ba ni da kowa, ke ma za ki iya dubawa da wayarki." Ban ce ba, na yi murmushi kawai. Daga baya, da na sami lokacin tunani mai yawa, na gane wannan shirun shi ne satata ta farko.

Magana ta bi ta ƙarƙashin ƙasa cewa wane yana da mutum a ciki. Aka fara nemana a ɓoye, kowa da ambulan ɗinsa. Sannu a hankali na daina jira a neme ni. Kullum da safe kafin in tafi sito sai in buɗe shafin kamar mai karanta jarida, ina bin sababbin sunaye ina tsintar namu: Abdullahi, Ɗanjuma, Bitrus, Yakubu. Ban bar Musulmi ba, ban bar 'yan'uwanmu Kiristoci na Jos da Kaduna ba. Wajen cuta ban taɓa nuna bambanci ba, wannan kam a shaide ni.

Abin da na lura da shi game da mutanenmu shi ya zama jarina. Ba'amurke idan an kama ɗansa, lauya yake kira, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa ta kan shinge. Namu kuwa labule yake saukewa ya kulle ƙofa, gobe a masallaci ya ce yaron ya tafi wajen gwaggonsa a wata jiha. Ba kurkukun ke hana shi barci ba, tsoron kada mutane su ji ne. Sai na sayi waya ta biyu. Da ita nake kiran iyaye da Turancin hanci, in ce ni jami'in beli ne, zan iya fito da yaro shiru kuma a goge sunansa kafin kowa ya gani, idan an biya yau. Ba wanda ke da ikon goge suna da kuɗi, amma su ba su sani ba. Kuma wanda na cuta ba ya kai ƙara, domin kafin ya ce an cuce shi sai ya fara faɗin dalili. Da ɗan gari akan ci gari.

Na bar aikin sito, na kama gida a garin Bowie, na sayi mota mai ƙyalli. Mutane suka ce Allah ya buɗa wa wane, ni kuma na koma sahun gaba. Baba Sale ya zo ganin gidan, ya zagaya ɗaki ɗaki yana sa albarka, har ya kira kawuna a Zariya ya ce masa yaronsu ya zama mutum.

Wata Talata da safe, ina shan shayi ina bin shafin, sai na ga sunan Nura. Faɗa suka yi da wani a kan wurin ajiye mota, aka yi ture-ture, 'yan sanda suka kwashe su. Ƙaramar magana ce, da an bi hanyar gaskiya da kwana biyu ya isa ya fito. Nura yana da shekara ashirin da biyu a lokacin, yana karatun jinya yana aikin gadi a ƙarshen mako. A kwano ɗaya muka ci tuwo da shi wata takwas, Yaya yake ce mini. Na ajiye wayar na fita waje, na dawo na ɗauka, na sake ajiyewa. Zuciya ta ce mini idan ban kira ba wani ɗan damfarar zai kira, gara kuɗin ya faɗo hannun na gida, in ya so daga baya in mayar ta wata hanya. Ku lura da wannan zancen, haka zuciya ke wa kowane ɓarawo wa'azi. Na ɗauki waya ta biyu na kira Baba Sale.

Turancinsa na tasi ne, bai gane muryata ba. Na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau uku. Na gaya masa abin da nake gaya wa kowa, na ƙara da sharaɗin da nake ƙarawa don kada asirina ya tonu: idan aka kira shi daga gidan yarin kada ya ɗauka, domin ana naɗar maganar, kuma za ta ɓata shirin. Na kashe. Ko minti goma ba a yi ba wayata ta gaskiya ta yi ƙara, Baba Sale ne.

"Ɗana, kana ina? Zo yanzu, kada ka gaya wa kowa."

Na je na same shi a falo da hularsa a hannu. Ya ce, "Kai ne ka san na'ura, duba mini ko gaskiya ne." Na buɗe shafin na nuna masa sunan ɗansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To shi mutumin nan da ya kira fa, a amince da shi?" Na ce, "Na san irinsu, Baba, suna aiki." Ya ce kada Hadiza ta ji, kada masallaci ya ji. Da motata na kai shi ya tura kuɗin da ya daɗe yana tarawa don ya koma gida ya huta. A hanyar dawowa ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya ba ka ɗa mai yi maka abin da ka yi mini."

Kuɗin ba su ne abin da ya fi ci mini rai ba. Nura ya riƙa kiran gida daga tsare. Sau uku ina zaune a falon wayar ta yi ƙara, Baba Sale ya ɗora ta a kan gwiwa yana kallonta har ta katse. Rannan ya ce, "Anya ba zan ɗauka ba, ko muryarsa in ji?" Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, saura kaɗan." Shi kuwa Nura a can ya ɗauka ubansa ya sallama shi ne saboda ya jawo wa gida abin kunya. Ya daina kira. Ya kwana goma sha tara a ciki, aikin gadi ya tafi, zangon karatu ya wuce shi.

Hadiza ce ta warware komai. An ce mata yayanta ya yi tafiya, ita kuwa ba ta yarda ba, domin ta san Nura ba ya kwana biyu bai aiko mata da saƙo ba. Ta rubuta sunansa a shafin da nake taƙama da shi, ta gan shi, ta kira gidan yarin, aka ce mata ba wani jami'insu da ke karɓar kuɗi ta waya. Ta je ta ga yayanta da idonta, ta dawo ta tsare ubanta. An gaya mini ya roƙe ta da Hausa kada ta kai magana wajen 'yan sanda, ta amsa masa da Turanci, kamar yadda yaran nan ke yi, ta ce, "Dadi, sunansa yana intanet, duniya duka na iya gani. Wane asiri ya rage da za ka rufa?" Ta ɗauki tsohuwar wayarsa ta kai musu.

Wata biyu suna bin sawu ban sani ba. Ina wanke mota a ƙofar gida da hantsi suka iso, da hotona a wurin da na karɓi kuɗin. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Maƙwabtana suka fito suna kallo aka sa mini ankwa, ruwa na ta zuba daga tiyo ba wanda ya kashe famfon.

A kotu mutum uku kawai suka yarda suka ba da shaida cikin duk waɗanda na cuta. Sauran har a lokacin kunya ta hana su, wato har ina gaban alƙali jarina bai ƙare ba. Baba Sale ya zo da babbar riga, bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Alƙali ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Ya tashi ya yi magana da Hausa, tafinta na juyawa. Ya ce, "Kuɗi ba su dame ni ba, da hannuna na nema, zan sake nema. Ɗana ya kira ni sau goma sha ɗaya ban ɗauka ba, wannan yana zaune kusa da ni yana ce mini in yi haƙuri." Ya zauna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Aka yanke mini shekara uku da rabi, da umarnin biyan mutane haƙƙinsu. Ba don takardar zama ɗan ƙasa ba, da daga kurkuku sai jirgin gida.

Aka kai ni wani gidan yari a cikin duwatsu, tafiyar awa uku daga Laurel. Abu na farko da na yi shi ne aika saƙo a gaya wa mahaifiyata na tafi aiki wata jiha mai nisa. Sai da na aika na tuna ƙaryar wa na ara, na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ƙaryar ba ta ma yi sati ba, wani ɗan'uwanmu a Kano ya rubuta sunana a shafin ya karanta wa dangi.

A ciki aikin wanke tukwane aka ba ni. Akwai wayoyi a jikin bango, ana bin layi. Na kira waɗanda muka ci muka sha da su lokacin mota mai ƙyalli, ba wanda ya ɗauka. A nan na san yadda ƙarar waya ke yi a kunnen wanda ke tsare, ga mutum goma a bayanka suna jira, kai kuma kana roƙon Allah a ɗauka kafin ta katse. Kowane wata nakan kira lambar Baba Sale sau ɗaya. Takan yi ƙara har ta gaji. Na rubuta masa wasiƙa uku, ba amsa. Akwai wani malami da ke zuwa mana ranar Juma'a, na ba shi labarina duka ban rage ba. Ya ce, "Tsakaninka da Allah ƙofa a buɗe take. Amma haƙƙin mutum sai mutum ya yafe." Na tuba iyakar yadda na san tuba, na ci gaba da kira.

Ranar da aka sake ni, da safe ne, ana sanyi. Aka ba ni kayana a leda da tikitin bas. Ban gaya wa kowa ranar ba, domin ba wanda zan gaya wa. Ina fitowa na hango wata tsohuwar tasi a wurin ajiye motoci, da wani dattijo jingine da ita. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na nufe shi. Da na isa gabansa na zube na durƙusa.

Ya ce, "Tashi, ƙasar da sanyi."

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka yau ne?"

Ya zaro waya daga aljihu, irin ta shafawa, ya nuna mini. "Hadiza ta koya mini. Duk Juma'a nake rubuta sunanka in ga kana nan, in ga ranar ba ta canza ba. Ashe abin ba wuya, kai ne ka mayar da shi tsafi."

Na ce, "Na kira ka, Baba."

Ya ce, "Na gani, duk na gani. So nake ka ji yadda abin yake."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Ka yafe mini?"

Ya buɗe fulas ya zuba shayi a murfi ya miƙo mini. Ya ce, "Nawa na yafe tun ranar kotu, kawunka abokina ne, kuma da bakina na ce kai ɗana ne, ba zan tsince maganar daga ƙasa ba. Amma na Nura ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe maka shi. Shiga mota."

Awa uku muka yi a hanya, ina kuka yana tuƙi, bai ce in yi shiru ba.

Yanzu na koma lodi a wani sito, ana cirar wani abu daga albashina ana biyan waɗanda na cuta. Ni da Baba Sale muna duba shafin nan duk Juma'a bayan salla. Idan muka ga sunan namu, shi yake zuwa gidan da ƙafarsa, ya zauna da uban yaron ya ce, "Ni ma an kama nawa." Sai ya nuna masa yadda ake dubawa, ya gaya masa ya nemi lauya na gaskiya, kuma idan ba shi da hali kotu na ba da lauya. Ni a mota nake jira, don ba kowane gida ne zai so ganin fuskata ba, kuma suna da gaskiya. Nura ya koma makaranta ya gama, yana aiki a wani asibiti. Tsakaninsa da ubansa ya gyaru, amma tabon bai ɓace ba. Na ga Baba Sale yana tsakiyar alwala wayar ta yi ƙara, ya ga sunan Nura, ya ɗauka da jiƙaƙƙen hannu kafin ta yi ƙara ta biyu.

Ga abin da nake so ku riƙe. Idan an kama naku, sunansa yana shafin hukuma, kyauta ne, ku duba da kanku. Duk wanda ya ce zai goge suna da kuɗi, ko ya ce kada ku gaya wa kowa, ɓarawo ne, ko da da Hausa ya yi muku sallama, ko da a gidanku ya kwana. Idan ɗanku ya kira daga tsare, ku ɗauka. Ku iyaye, kunyar da kuke ji ita muke ci, mu masu wannan mugunyar sana'a. Ku kuma matasa masu sanin na'ura, ilimin da Allah ya ba ku amana ce a kan dattawan da ba su sani ba. Ranar da wata tsohuwa ta ɗauka kuna da wani iko da ba ku da shi, ku gaya mata gaskiya nan take, kafin ambulan ya shiga aljihu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ni da ambulan ɗaya na buɗe tawa.

Nura yana amsa gaisuwata idan mun haɗu a masallaci, amma ba ya zama inda na zauna, kuma bai sake ce mini Yaya ba. Duk Salla, ƙarama da babba, nakan kira shi bayan an sauko daga idi. Nakan bar wayar ta yi ƙara har ta katse da kanta. Na kira sau bakwai ke nan bai ɗauka ba. Shi sau goma sha ɗaya ya kira, saboda haka ba ni da bakin cewa na gaji.